Mudun Kurfi a Kamfanin Sukari

Yaran yanzu da ke zuwa jami'a su dawo da farar riga a kafaɗa suna ganin kamar a kansu aka fara kimiyya a ƙasar Dutsin-Ma. To ina so in sanar da su, cikin ladabi, cewa ni Lawal ɗan Makera na riga su sa farar riga, na riga su fasa kwalbar gwaji, kuma na yi hakan da ilimin aji huɗu na elementare, wanda rabinsa ma a bakin rafi na yi shi. Ba a nan na sa rigar ba, a Ghana ne, a wani kamfanin sukari da ke can kudu. Yadda na same ta da yadda na rabu da aikin, shi ne abin da zan faɗa.

Mu biyu muka tafi, 'yan shekaru bayan Turawa sun miƙa mulki, ni da Sada ɗan kawuna na Kurfi. Taubashina ne, shi ɗan namiji ni ɗan mace, saboda haka tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai "bawana". Mahaifinsa, Kawu Dikko, awon hatsi yake yi a kasuwar Kurfi, ranar kasuwar Dutsin-Ma kuma ya koro jakuna ya zo. A gindin mudu Sada ya tashi, bai taɓa leƙa boko ba. Dokar gidansu ɗaya ce: a cika mudu ya yi tozo, a juye, sannan a ƙara da tafin hannu. Kawu yakan ce mai awo bai san ranar da hannunsa ya tauye wani ba, gyara shi ke wanke mutum kafin a je gaban Allah. Sada ya haddace wannan kafin ya haddace Fatiha.

Kawu bai so tafiyar ba. Da ya ga mun nace, sai ya ɗora mani ita, don ni ne mai karatu. Abin da ya ce bai da yawa: "Ku tafi tare, ku dawo tare. In ka dawo kai kaɗai, kada ka biyo ta Kurfi." Mahaifiyata ƙanwarsa ce, kuma tana zaune a wurin lokacin da ya faɗa. Wanda ya san mutanenmu ya san ba hanyar mota ake nufi ba.

A Yamai aka fara koya mana duniya. Wani ɗan kamasho mai fararen haƙora ya tare mu a tasha da Hausa mai daɗi, ya tambaye mu daga ina, muka ce Katsina, ya ce ai kakarsa ma Bakatsiniya ce. Daga baya na gane da mun ce daga Borno muke, da kakar Babarbariya ce. Ya karɓi kuɗin motar Kumasi, ya sa mu a bayan wata roka, babbar motar kaya, a kan buhunan albasa. Muka yi ta tafiya har wani gari da ake kira Fada, direba ya sauke albasa, ya ce mu ma mu sauka, nan motar ta tsaya. Na tsaya ina yi masa bayani da Turancin elementare, shi kuwa Faransanci yake ji, in ma yana jin wani abu. Sada ya zauna a kan jakarmu ya ce, "Bawana, ci gaba, wataƙila a aji biyar ne ake koyar da wanda direbobi ke ji."

Daga Fada a ƙafa muka ci gaba. Muka samu fataken shanu da za su kudu suna neman 'yan kore, abinci nasu, wahala tamu. Ban taɓa sanin saniya na da ra'ayi ba sai a wannan tafiya. Takalmana suka mutu kafin mu shiga Ghana, ƙafafuna suka tsage, wani tsohon Bafillace cikin ayarin ya riƙa shafa mani man shanu da yamma bai taɓa tambayar sunana ba. Muka wuce Tamale, muka ƙetare babban kogi a Yeji cikin jirgin fito, shanu na kuka mu ma muna yi a zuci. Daga nan ƙasa ta sake. Itatuwa suka yi tsawo har suka rufe sama, tuwo ya ɓace, aka shiga duniyar dokunu, tuwon masararsu mai tsami, da barkono. Na yi mafarkin fura sau ba adadi, kullum sai an miƙo ƙwaryar in farka.

A zangon Kumasi wata tsohuwa mai koko, Iya Talatu, ta ji muna gardama ta gane harshenmu. Ashe mahaifinta daga wajen Tamawa ta ƙasar Kurfi ya zo fataucin goro bai koma ba. Ita ba ta taɓa ganin ƙasar ba. Ta ba mu zaure, ta ba mu koko, ladanta kawai Sada ya zauna ya ba ta labarin Kurfi, duwatsun, kasuwar, wane ne ya haifi wane. Da labarin gaskiya ya ƙare ya shiga ƙari, ita kuma ta sani, amma ba ta hana shi ba. Ita ta nema masa aikin awon masara wajen wata 'yar kasuwa. Bai daɗe ba aka sallame shi. Masu saye sun so shi ƙwarai, mai masarar ce ba ta so shi ba, don buhunta ya riƙa ƙarewa da wuri. Ya kamata in ɗauki darasi tun daga nan. Ban ɗauka ba, dariya na yi.

Iya Talatu ce ta ji ana ɗaukar leburori a kamfanin sukari, lokacin yankan rake ya zo. Ta ɗaure mana gari da ƙuli a tsumma, ta ce in mun koma gida mu gaishe mata da duwatsun.

Kamfanin yana tsakiyar gonakin rake, kana jin warinsa kafin ka hango hayaƙinsa. Helima, shugaban leburori, ya jera mu a rana, ya tambaya wa ya iya karanta lamba. Na ɗaga hannu har da tsayuwa a kan yatsu. Aka tura ni ɗakin gwaji wankin kwalabe, Sada kuma aka tura shi ɗakin dahuwa.

Mai ɗakin gwaji wani Bafante ne siriri mai tabarau, Mista Kwansa. Ya yi aiki a Tamale, ya iya Hausar zango, irin wadda mace da namiji duk "shi" ne. Ranar farko ya miƙo mani wata kwalba mai tumbi da dogon wuya, da zane ɗaya siriri a wuyan, ya ce in cika ta da ruwa zuwa zanen. Na cika, na wuce zanen da kamar faɗin yatsa, don kada ya ce 'yan arewa rowa gare su. Ya karɓa, ya tuttular a kwata, ya miƙo. Na sake, ya sake zubarwa. Sai da na gaji sannan ya kama kafaɗata ya durƙusar da ni har idona ya yi daidai da zanen, ya nuna mani yadda ruwa ke yin ɗan ciki a wuyan kwalba, ya ce ƙasan cikin nan shi zai zauna a kan zane, ba sama ba, ba ƙasa ba. Ɗigo na ƙarshe da tsinken gilashi ake sa shi. Ya ce, "A nan ba a kyauta, Lawal. Wanda ya ƙara da wanda ya rage, duk maƙaryata ne."

Abin ya yi mani nauyi, don a garinmu mutum ɗaya ne maƙaryaci cikin biyun nan. Amma na koya. Na koyi ɗauraye kwalba da ruwan da aka dafa aka tare tururinsa, har sai ruwa ya sauka a jikinta bai bar ɗigo ba. Na koyi zuƙar ruwan rake da baki a cikin karan gilashi in toshe da yatsa, kuma na koyi bambanta shi da ruwan batir kafin in zuƙa, wannan darasin sau ɗaya ake yinsa. Na koyi ɗiga magani daga dogon bututu mai famfo ina kaɗa kwalba, har ruwan da ke fari ya juya ja-ja da ɗigo guda, in tsaya cak in karanta lamba. Akwai sikeli da ke zaune cikin akwatin gilashi kamar amarya, ba a taɓa duwatsunsa da hannu sai da hantsaki, ba a numfashi kusa da shi. Kuma kowane gwaji sau uku ake yi, a haɗa da na huɗu wanda ba a sa komai a ciki ba sai ruwa da magani, don a san ko maganin kansa na da tasa ƙaryar. Da na ga ana gwada babu, na ce lallai na zo inda ilimi ya ƙare.

Da damina ta zagayo aka ba ni farar riga. Ta yi mani yawa, hannun na naɗewa biyu. Na sa ta na bi ta ɗakin dahuwa ba don ina da aiki can ba. Sada ya dube ni sama da ƙasa ya ce wa abokan aikinsa a yi hattara, mahaucin asibiti ya fito.

Shi ma ya samu girma a nasa wajen. Ga yadda aikin yake. In an matse rake, sai a sa wa ruwan farar ƙasa a tace, a tura shi cikin wasu tukwanen ƙarfe rufaffu, kowace ta fi rumbu, a yi ta dafawa da tururi har ya yi kauri. Duk wadda ta taɓa dafa wake ta san abin da ke biyo baya: kumfa. Sai dai kumfar wake murhu take kashewa, wannan kuwa in ta taso bin tururi take yi ta kwashi sukari ta kai shi inda ba a so. Maganinta mai ne, kamar dai a tukunyar gida. Akwai gwangwanin man alayyadi da wata moɗar ƙarfe mai zane a ciki, da mazurari a jikin tukunya. Mai tsaro yana leƙawa ta wani ɗan gilashi, in ya ga kumfa ta hau, ya zuba moɗa ɗaya zuwa zane, ta kwanta. Sada aka ba wannan aiki a kakar rake ta biyu, daga azahar zuwa bayan isha'i, don an lura ba ya barci a bakin aiki kuma ba ya sayar da man. Kumfa ba ta taɓa gagarar sa ba. Yana dawowa ɗaki yana ƙamshin alayyadi kamar kan amarya, ina gaya masa haka, yana cewa bawa ba ya sanin turaren ubangidansa.

Tsakiyar kakar nan sai babbar tukunyar tururi, wadda ke ba duk kamfanin ƙarfi, ta fara hauka. Ruwan cikinta ya riƙa kumfa yana tsalle, bututu na bugawa kamar ana daka, gilashin da ake duba ruwa ya daina faɗin gaskiya. Aka tsai da injin sau da yawa, rake na bushewa a fili. Injiniyan wani Bature ne, ba Ingilishi ba, daga wata ƙasa mai sanyi, in ya yi fushi wuyansa ya fi fuskarsa ja. Manaja ya tara mu ya ce abin nan hannun mutum ne, kuma duk wanda aka samu, ranar zai bar kamfani da ɗakin kamfani.

Tururin da ya fito daga tukwanen dahuwa ana tare shi ya koma ruwa, a maida shi tukunyar tururi. Saboda haka kowa ya ce sukari ne ya bi ruwan. Wannan gwajin ni ke yi: a ɗiga magani a ruwan, a silalo da ruwan batir ta gefen kwalba a hankali, in akwai sukari sai wani zobe shunayya ya fito a tsakiya. Na yi, na sake, zobe bai fito ba sai ɗan alama. Injiniya ya ce wankin kwalba ne aikina ba gwaji ba. Mista Kwansa ya yi da hannunsa, ya samu abin da na samu, ya tura tabarau sama. Sai ya ɗebo ruwan tukunyar a dogon kofin gilashi mai lambobi, ya toshe, ya girgiza, ya ajiye. Kumfa ta hau ta zauna ba ta da niyyar sauka. Ya shafa ruwan a yatsu, ya miƙo mani. Santsi.

Ya tambaye ni da me matan garinmu ke yin sabulu. Na ce da mai da ruwan toka. Ya ce to, tukunyar tururi ana sa mata kanwar Bature don kada ta yi tsatsa, ga ruwan toka ke nan. Saura a nemo wanda ke kawo mai. Watau man da ke kashe kumfa a wannan tukunya, in ya yi yawa ya bi tururi, shi ke zama sabulu ya haifi kumfa a waccan. A nan Sada ya faɗo mani a rai, amma na ce masa kawai Allah mai iko.

Masu zuba mai uku ne, kowa da lokacinsa. Aka sa ni ɗebo ruwan tururi a lokacin kowannensu, kwalba daban, da alama a jiki. Mista Kwansa ya girgiza kowane da wani magani mai warin fetur da ke tsotse mai daga ruwa, ya raba, ya zuba a ƙananan faranta da aka riga aka auna, ya bar maganin ya tashi. Abin da ya rage a faranti shi ne man. Sai ya ce ni zan auna, in faɗa da ƙarfi, shi zai rubuta. Ban sani ba ko ya san na azahar ɗan'uwana ne. Ina jin ya sani, kamfanin duka sun san mai kirana bawa.

Farantin safe bai ƙaru da komai ba sai kaɗan. Na dare haka. Na ɗora na azahar, allura ta tafi gefe ta zauna. Na sauke na sake ɗorawa, ko ta yi kuskure. Na ƙara duwatsu da hantsaki, ina tuna Kawu da mahaifiyata zaune a zaure. Lamba ɗaya zan rage a baki, ba wanda zai leƙa. Amma akwai faranti na biyu da na uku na lokacin nan suna jira, kuma mutumin da ya durƙusar da ni gaban zane yana riƙe da alƙalami. Na faɗi abin da allura ta ce. Ya rubuta, ya cire tabarau ya goge, ya ce mu je mu ga yadda ɗan'uwana ke aiki.

Muka tsaya bayan wani bututu. Kumfa ta hau gilashi. Sada ya ɗauki moɗa, ya cika ta, ya wuce zane, ya kai baki har man ya yi tozo yana rawa, ya juye a mazurari ko ɗigo bai zuba ba. Sannan ya ce bismillahi, ya karkata gwangwanin kansa ya ƙara wani ɗan zubi. Aiki mai kyau, in a kasuwar Kurfi ne.

Mista Kwansa ya fito ya tambaye shi wannan na biyun mene ne.

"Gyara ne," in ji Sada, yana mamakin tambayar.

"Wa ya ce shi sa?"

"Ba a cewa. In sai an ce, ai ba gyara ba ne."

Na shiga tsakani na yi masa bayanin zane, da sabulu, da tukunyar tururi, da hannu da ƙafa. Ya saurara har na gama. Ya ce shi ya ga zanen tun ranar farko, ya ɗauka na masu ƙaramar zuciya ne. Tukunya kamar masallaci, a ba ta rabin moɗa, ina kunya? Kuma man ba sata ya yi ba, na kamfani ne ya ba tukunyar kamfani. Ya juyo gare ni: "Kai da ka sha nonon 'yar gidanmu, kai ne za ka koya mani tsayawa a zane?"

Labari ya kai ga manaja, ya ce Sada ya gama makon ya tafi. Na samu Mista Kwansa bayan an tashi, na cire farar rigar na riƙe a hannu, don roƙo ba ya kyau da kayan sarauta. Na gaya masa maganar Kawu. Na ce in Sada ya tafi, ni ma na tafi, ba don ina so ba. Ya tambaya ko za a iya hana shi ƙarin nan. Na ce za a iya yi masa tsawa ya bari yau, gobe hannun zai yi da kansa, shi ma bai sani ba. Ya ce in hannun ne ke yi ba mutumin ba, to hannu abin aunawa ne.

Washegari ya sa aka kawo Sada ɗakin gwaji da gwangwaninsa da moɗarsa, ya ce ya zuba yadda ya saba, amma a cikin dogon kofin gilashi. Sada ya zuba moɗa, ya yi gyara. Na durƙusa na karanta. Aka juye, ya sake. Muka yi ta yi har rana ta take. Abin da ya fito ya ba Mista Kwansa dariya, karo na farko da na ga haƙoransa: gyaran Sada ba ya canzawa. Kowane zubi kusan a lamba ɗaya yake tsayawa, ya fi na sauran biyun da ke bin zane daidaituwa. Ya yi lissafi a bayan takarda, ya ɗauki moɗar ya kai wa mai walda, aka yanke bakinta aka goge, aka shafe zanen, yadda cikinta da tozo da gyara za su tashi daidai abin da tukunya ke bukata. Aka ce wa Sada an canza masa sabuwa don tsohuwar ta tsage. Ni na faɗa masa, da bakina.

Aka zubar da ruwan tukunyar tururi aka sa sabo. Ta kwanta. Farantin azahar ya dawo daidai da 'yan'uwansa. Mista Kwansa ya kai wa manaja lambobin, manaja ya janye maganarsa, wuyan injiniya ya koma launin fuskarsa. A makon nan ne Mista Kwansa ya ce in kaka ta ƙare zai sa sunana a jarrabawar mataimakan ɗakin gwaji, mai takardar shaida. Na kwana ina ganin kaina na sauka a tashar Dutsin-Ma da takarda a aljihu, mutanen Makera na darewa.

Ba a yi nisa ba. Wata Juma'a bayan mun dawo masallaci na tarar da Sada zaune a ƙofar ɗaki, moɗar na gabansa, da gwangwanin madara da yake auna gari da shi. Tun ranar farko hannunsa ya gaya masa, ya ce, amma ya ƙi yarda don ni na kawo ta. Tsohuwar tana cin gwangwani biyu da ɗan kai. Wannan ba ta kai ba. Ya shafa bakinta inda aka goge.

"Bawana, an yanke bakin mudun nan."

Na ce an yanke. Na ce amma jimlar ɗaya ce, tukunya na samun hakkinta cif, ba wanda aka cuta, ga shi aikinsa ya tsira. Na kawo lambobi. Na ma yi masa zane a ƙasa.

Ya ce shi ba jimla yake awo ba. Ya ce a Kurfi mutum ɗaya ya sani da ya taɓa yanke bakin mudu, kuma har ya mutu ba a sake ba shi gaisuwa da hannu biyu ba. "Kun sa na yi ta awo da yankakken mudu ina bismillahi a kai. Abin da nake bayarwa don Allah kun auna shi kun sa a cikin lissafi. To yanzu ina gyaran?" Ya ce hanya biyu ce, ko ya ƙara wani gyaran a kan wannan ya cike abin da aka yanke, ko ya ajiye masu moɗarsu. Na farko na san inda zai kai mu. Ya ce shi ma ya sani, shi ya sa ya zaɓi na biyu. Ya ce ni in zauna in ci jarrabawata, zai gaya wa Kawu shi ya gudo.

Na zage shi iyakar abin da taubasantaka ta halatta, na ƙara da wanda ba ta halatta ba. Bai rama ba, abin da bai taɓa yi ba. Daga nan na san an gama.

Mista Kwansa ya yi ƙoƙari. Ya ce zai nema wa Sada aikin ɗaukar buhu. Sada ya yi godiya ya ce zuciyarsa ta riga ta kama hanya. Sai Mista Kwansa ya dube ni ya ce in bar Sada ya tafi mana, ba yaro ba ne. Na rasa yadda zan fassara masa "kada ka biyo ta Kurfi" da Hausar zango. Na ce masa dai a wajenmu akwai zanen da ba a gani, kuma shi ma ba a wuce shi. Ya gyaɗa kai. Ranar tafiya ya ce in riƙe rigar, ya kuma naɗe mani wani dogon kofin gilashi mai lambobi da bakinsa ya ɗan ɓalle, ya ce kamfani ba ya so, amma lambobinsa na nan daidai.

Muka biyo ta Kumasi, muka tarar Iya Talatu ta rasu, mai zauren ya nuna mana inda take ajiye tukunyar koko. Dawowa a mota muka yi, na riƙe kofin a ƙirji kamar jariri har Jibiya. Muka biya ta Kurfi. Kawu na bakin rumfarsa, ya ɗaga kai ya dube ni, ya dubi Sada, ya ce sannunku, ya ci gaba da awo. Da muka tashi tafiya ya cika mani mudun gero ya ƙara da hannu biyu.

Takarda dai ban samu ba, amma ilimi ba ya zama banza. Na kafa tebur a kasuwar Dutsin-Ma ina sayar da man gyaɗa, da farar riga, da kofin gilashi. In mace ta zo, sai in zuba, in durƙusa har idona ya yi daidai da lamba, in sa ɗigo na ƙarshe, in juye mata. Sai ta tsaya da kwalba a buɗe tana jira. Ni ma in tsaya. Ta ce, "Malam, gyara fa?" In ɗauko gwangwani da niyyar ƙarawa, wallahi, hannun ya ƙi karkata. Mista Kwansa ya riga ya gama da shi. Kafin kaka ta zagayo duk kasuwa ta san akwai wani likita mai rowa a layin 'yan mai, yara na zuwa kallon durƙuso, ba mai saye.

Sada ne ya ɗauke ni aiki. Ya gaji rumfar Kawu, ya ƙara biyu. Ya ce aikina saye daga manoma, in auna abin da ke shigowa, don a nan ana son mai tsayawa a zane. Abin da ke fita kuwa ya hana ni taɓawa har ya bar duniya. In baƙo ya tambaye shi wane ne wancan mai farar riga a bayan buhuna, sai ya ce, "Bawana ne. Masanin kimiyya ne, daga Ghana na sayo shi. Ba a yi mani gyara ba."